Hannun da Ke Gindin Rijiyar Korau

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ba a san famfo ba, ruwa sai wanda hannun ɗan Adam ya tono. Sunansa Nomau. Sunan garin kuwa ba zan faɗa ba, don in na faɗa wani a cikinku zai miƙe ya ce kakansa ɗan can ne, mu ƙare zama a kan asali. Ku dai saurara.

Wannan bawan Allah sana'arsa yasar rijiya. Na san akwai waɗanda ba su taɓa ganin yasa ba a nan, to bari in fayyace. Rijiya in ta shekara ana janta, laka takan taru a ƙasa, da yashi, da gugan da ya tsinke, da duk abin da ya faɗa ciki. Idon ruwa ya toshe, ruwa ya ja baya, ya soma wari. Sai a nemo mutum a ɗaura masa igiya a ƙugu a zura shi, ya yi ta cika kwando ana ja, har ruwa ya dawo garau. In ya fito ba ka bambance gabansa da bayansa don taɓo. A ba shi tuwo da ɗan abin da ya sawwaƙa, a ce Allah ya yi albarka, a manta da shi sai baɗi. To wannan shi ne aikin Nomau. Gajere ne, bahago, maganarsa kaɗan.

Amma ba ta ƙofarsa za mu shiga labarin ba. Mutanen kirki ba su da daɗin labari: su tashi, su yi aiki, su kwanta, shi ke nan. Ta ƙofar Korau za mu shiga.

Korau mai haƙa rijiya ne. A hannun maigida ɗaya suka koyi aiki shi da Nomau, Korau ne babba, shi ya sa Nomau ke ce masa Yaya. Kada ku zaci zan ce muku Korau bai iya ba. Ya iya, har ya wuce wanda ya koya masa. Da sassafe zai fita ba takalmi, ya dubi inda gara ta yi gini, ya dubi itacen da bai zubar da ganye ba a tsakiyar rani, ya ɗanɗana ƙasa a harshe, ya kafa dagi ya ce, "Nan." In ya ce nan, to nan ɗin ne. Rijiya ashirin da bakwai ya haƙa, ba wadda ta ba shi kunya.

Masu haƙa na wannan gari suna da al'adarsu. Rijiya sunan wanda ya haƙa ta take ɗauka. Kuma in an kai ga ruwa, an jera marmara an ɗaure bangon da yumɓu don kada ƙasa ta rufta, mai haƙa yakan danna tafin hannunsa na dama a ɗanyen yumɓu, can ƙasa dab da ruwa. Wannan ce shaidarsa, ba mai ganinta sai wanda ya sauka. Daga ranar nan kuma shi kansa ba ya sake sauka, don a wurinsu komawa cikin rijiyar da aka gama ƙasƙanci ne, aikin masu yasa ne. Saboda haka ga Korau ta Kasuwa, ga Korau ta Gangare, ga Korau ta Bayan Masallaci, har ashirin da bakwai, kuma babu ko ɗaya da ya sake taka gindinta tun ranar da ya fito.

Yana da wata ƙwarya a ɗakinsa. Duk rijiyar da ya gama sai ya ɗauko tsakuwa ɗaya daga gindinta ya jefa ciki. Ran Juma'a in ya dawo daga masallaci, sai ya juye su a tabarma ya ƙirga. Makon jiya ashirin da bakwai ne, yau ma ashirin da bakwai ne, amma sai ya ƙirga, kamar za su haihu. Kada ku yi masa dariya. Kowa a nan yana da ƙwaryarsa, abin da ke ciki ne kawai ya bambanta.

Wata rana da azahar, ana tsananin zafi, ya shigo gida, matarsa Tabawa ta miƙo masa ruwa a moɗa. Ya sha, ya yi ajiyar zuciya.

"Ruwan nan da daɗi yake. Na ina ne?"

"Na rijiyar Nomau," in ji ta, tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Korau ya ajiye moɗar a hankali. "Wace ce rijiyar Nomau?"

"Ta bakin kasuwa mana."

"Tabawa, yaushe Nomau ya haƙa rijiya a bakin kasuwa? Ina barci ne, ko na yi tafiya?"

Sai ta ɗago. "Maigida, baki ne kawai. Haka kowa ke faɗa a wurin ɗiba, ni ma bakina ya ɗauka. Shi ake gani a cikinta kowace shekara. Kai kuwa matan da ke ja yanzu rabinsu ba a haife su ba lokacin da ka fito."

"A gidana. A bakin matata."

"To a bakin wa kake so ka ji? Na waje tsoronka suke ji."

Ku fahimci inda aka taɓa shi. Rijiyar kasuwa ita ce ta farko da ya haƙa da kansa, gaba goma sha takwas zurfinta, ita ta fitar da sunansa tun yana saurayi. Tsakuwarta ta fi kowace girma a cikin ƙwaryar.

Daga ranar nan Korau ya sami sabon aiki. Ya riƙa zuwa rumfar wani mai gishiri kusa da rijiyar, wai hira, alhali kunnensa na bakin rijiya. Ya lura masu cewa Korau tsofaffi ne, tsofaffi kuwa kun san ba ƙaruwa suke yi ba. Yana nan zaune sai ga Nomau zai wuce, igiya a kafaɗa, kwando a ka. Wata mata ta ɗaga murya:

"Baba Nomau, ka wanke ƙafar nan kuwa tun bara?"

"In na wanke ba za ku gane ni ba," in ji shi, bai tsaya ba.

Aka yi dariya. Wata tsohuwa ta bi shi ta zuba masa gyaɗa a kwando. Su kuma matan nan da suka zo wucewa ta gaban rumfa, suka durƙusa suka gai da Korau da ladabi, suka yi sauri suka tafi. Shekara ashirin da biyar ana gaishe shi haka, bai taɓa jin da sauran wani abu ba, sai ranar da ya ga an yi wa Nomau dariya. Shi ana durƙusa masa, wancan ana tsokanarsa, kuma sai ya ji tsokanar yake so. Haka hassada take. Ba ta tambaya ko abin da ke hannun ɗan'uwanka ya kai naka daraja. Ya isa a ce yana hannunsa.

Ya kwana da abin, ya tashi da shi. Tuwo ya daina masa daɗi. Ya ce a ransa, suna ba ya tashi da ƙafarsa ya bar mutum, sai an ɗauke shi. Wa ke shiga rijiyar nan shi kaɗai, ba mai ganinsa? Nomau. Me zai hana ya kankare hannuna ya danna nasa? Da safe zato ne, kafin la'asar ya zama yaƙini, alhali ba abin da ya ƙaru sai zafin rana. Washegari ya sa babbar riga ya tafi ƙofar mai gari.

Aka kira Nomau. Ya zo da laka a gwiwa, ya zauna daga gefe don kada ya ɓata shimfiɗa.

Mai gari ya ce, "Nomau, yayanka ya ce ka kankare hannunsa a rijiyar kasuwa ka sa naka, shi ya sa sunanta ya koma kanka. Me ka ce?"

"Ranka ya daɗe, rijiyar Yaya ce. Hannunsa na nan."

"Sunan fa?"

"Na sha gyara musu, ranka ya daɗe. In na ce ta Korau ce, sai su ce to, su juya su ci gaba."

Ku saurara nan da kyau. A bakin Nomau akwai wata magana guda ɗaya, wadda da ya fito da ita a wannan zama, da Korau bai sake ɗaga kai a garin ba. An kira shi ɓarawo a gaban dattawa, maganar tana kan harshensa, ya haɗiye ta. Za ku ji ko mece ce.

Mai gari ya ce, "Abin da ke gaba goma sha takwas a ƙasa ba za mu gan shi daga nan ba. Mutum biyu ne a garin nan ke iya sauka, ɗaya shi ake tuhuma. Korau, kai za ka sauka ka dubo. In ya kankare hannunka, ɓarawo ne, ba zai sake shiga rijiya a ƙasata ba. In hannunka na nan, a yi shela kowa ya gyara bakinsa, kai kuma ka bar bawan Allah ya huta."

Korau bai so sauka ba, amma ya riga ya ɗaure kansa. Da hantsi gari ya taru a bakin rijiya. Ya tuɓe riga, aka ɗaura masa igiya. Ƙarti huɗu za su ja, sai Nomau ya matso.

"Yaya, bari in riƙe kan igiyar. A gaba na tara akwai inda take goga, sai an karkata ta."

"Wanda nake ƙara shi zai riƙe raina?"

Mai gari ya ce, "Ya fi kowa sanin ramin. Ka bar shi."

Aka soma zura shi. Hayaniyar mutane ta yi nisa, sanyi ya tarye shi, bakin rijiya ya koma kamar faifai a sama. Yana sauka yana shafa bango. Gaba ɗaya, gaba biyu, gaba biyar, duk gininsa ne, ya gane shi kamar yadda kake gane rubutunka: kowane dutse ya jingina dama. Ransa ya yi sanyi. Da ya kai gaba na tara igiya ta karkata kaɗan, kamar yadda aka faɗa, sai hannunsa ya ji bango ya sauya. Duwatsun sun jingina hagu. Ya sake shafawa. Hagu. Jerin bahago ne.

A nan ne Korau ya tuna abin da ya shekara ashirin da biyar yana ƙin tunawa. Lokacin da yake haƙa rijiyar nan, a gaba na tara ya tarar da yashi mai zuba. Aikin da ya kamata shi ne a ninka jeri, a bar yumɓu ya sha iska, a bi a hankali ko da zai ci wata biyu. Amma sallah ta matso, kuma ya ji ana raɗe-raɗin za a kirawo wani tsohon mai haƙa daga wani gari in saurayin nan ya kasa. Sai ya jera siraran duwatsu jeri ɗaya, ya shafe da ɗanyen yumɓu, ya danna hannu, ya fito ana ta guɗa. Ya san abin da ya bari a ƙasa. Ya san rijiyar ba za ta kai damina uku ba. Da ta wuce uku, ta wuce goma, sai ya yarda cewa lalle aikinsa ne ya yi kyau. Mutum ba ya wahalar yarda da abin da ya yi masa daɗi.

Aka ci gaba da zura shi. Daga gaba na tara har ƙasa babu dutsensa ko ɗaya. Wani jerin ya tsufa ya yi gansakuka, wani na shekaru biyar ne, wani na bara. Kaɗan-kaɗan aka yi shi, kowace yasa a cire kamu ɗaya a maye, mutum ɗaya a cikin duhu, ruwa har ƙugu. Wannan ita ce maganar da Nomau ya haɗiye a ƙofar mai gari.

Ƙafarsa ta taɓa ruwa. Ya jira idonsa ya saba, ya duba inda ya san ya danna hannu, bai ga komai ba. Zuciyarsa ta buga, kuma kada in ɓoye muku, bugun murna ne. Sai ya ɗaga kai. Ga shi can sama da inda yake a da, kamar kamu biyu. An yanko yumɓun da hannun ke jiki ɗungurungum, an dasa shi a sabon bango, an kewaye shi da ƙananan duwatsu huɗu, an ɗaga shi inda ruwan damina ba ya kaiwa. Korau ya miƙa tafinsa ya ɗora. Yatsunsa sun yi kauri yanzu, amma hannun nasa ne. A duk rabin rijiyar nan, shi kaɗai ne nasa.

Akwai wuƙa a ƙugunsa. Ya zaro ta. Kankara biyu ta isa, ya fito ya ce babu hannu, a kori Nomau, sirrin bango ya mutu a ƙasa, don ba mai sake sauka. Ko kuwa ya fito ya faɗi duk abin da ya gani, sunan ya tafi, tsakuwar da ta fi girma ta fita daga ƙwarya. Yana tsaye da wuƙa, sai ya ji igiyar ƙugunsa ta motsa a hankali, an ɗan ja an sassauta. Haka masu riƙe igiya ke tambayar na ƙasa ko lafiya. Ya daɗe yana duban igiyar. Ya mai da wuƙa kube, ya ja sau biyu, aka fito da shi.

"Me ka gani?" in ji mai gari.

"Hannuna na nan."

"Alhamdu lillahi," in ji Nomau, yana naɗe igiya.

Mai gari ya ce, "Ginin fa? Lafiya yake?"

"Lafiya yake, ranka ya daɗe," in ji Korau.

Wani dattijo ya girgiza kai ya ce, "Shekara ashirin da biyar gini bai motsa ba. Korau, Allah ya sa wa hannunka albarka."

Nan ne wurin magana. Ƙofa ce aka buɗe masa, ba abin da ya rage sai ya taka. Korau ya dubi Nomau, Nomau na duban igiyarsa. Korau ya ce, "Amin." Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, ku lura. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma da shi ya cuci mutumin. Aka yi shela, sunan ya dawo masa.

Ya ci shari'a, amma ruwan ya ƙi wuce masa maƙogwaro. Ya ce wa Tabawa daga yau ta riƙa ɗebo masa na Gangare.

"Ita ma shi ke yasarta, Maigida. Duka ashirin da bakwai ɗin shi ne. Sai dai in ɗebo maka na rafi, ka sha tare da shanu."

Wanda ke da mai faɗa masa irin wannan a cikin gida bai san abin da yake da shi ba, sai ranar da ɗakin ya yi shiru. Mu ci gaba.

Bayan kwana uku ya kasa daurewa. Da la'asar ya tafi gidan Nomau, ya same shi a ƙofar gida yana ɗinke gindin kwando. Ko sallamar kirki bai yi ba.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Sannu da zuwa, Yaya. Ga tabarma."

"Na ce me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Hannu aka tambaye ni, ba a tambaye ni gini ba."

"Kada ka yi mini wayo, Nomau. Tare muka ci tuwo a akushi ɗaya."

Nomau ya ajiye kwandon. "Shekarar da na fara shiga na ga yashi na zubowa. Na zauna a ƙasa na yi tunani. In na faɗa, mata su guje ta, su koma rafi, kurkunu ya kama ƙafafun mutane kamar da. Kai kuma ba za a sake kiranka haƙa ba, lokacin ko ta biyu ba ka yi ba. Ni na haƙa uku, ka sani, ƙura na samu a duka ukun. Ban iya neman ruwa ba, Yaya. Kai ka iya. In aka ajiye ka, wa zai nemo mana? Dutse kuwa na iya jerawa, sai na jera."

"To kai me ka samu?"

"Tuwo. Wani lokaci har da nama."

"Ban zo wasa ba. Shekara ashirin da biyar a cikin taɓo. In ka zauna kai kaɗai, me kake nuna wa kanka ka ce ga abin da na yi? Ba ka ƙirgawa?"

"Me zan ƙirga? Laka ce, baɗi ta dawo." Ya ɗauki kwandon ya ci gaba da ɗinki. "Akwai dai abu ɗaya. Washegarin yasa nakan bi ta bakin rijiyar in tsaya daga nesa. In guga ya faɗa a ruwa mai zurfi ƙararsa daban ce da wanda ya faɗa a laka. In na ji wannan ƙarar, sai in wuce. Na san na yi aiki."

"Hannun fa? Wa ya sa ka ɗaga shi?"

"Ruwan damina zai cinye shi. Kuma ina son ganinsa. In na sauka ni kaɗai ne a can, ba kowa. Sai in dube shi in ce, to, ga Yaya ma yana nan."

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce Korau ya fashe da kuka, ya rungume shi, suka tafi ƙofar mai gari tare. Waɗanda ke ba ku irin wannan labari ba su daɗe da mutane ba. Korau ya tsaya yana binciken fuskar Nomau, yana neman ɗan ƙulli, ɗan jin kai, wani abu da zai nuna mutumin nan ya ajiye masa a zuci. Bai samu ba. Da Nomau ya zage shi, da ya sami sauƙi. Ya zo yana hassadar suna, ya koma yana hassadar abin da ya fi suna wuyar ƙwacewa. Suna an kai shi gaban mai gari an karɓo. Wannan fa, gaban wa za a kai? Ran Juma'a ya juye ƙwaryarsa, ya ƙirga ashirin da bakwai, ya dubi babbar tsakuwar, ya mai da ita ciki.

Shekara huɗu bayan haka Nomau ya yi zazzaɓi na kwana biyar, Allah ya karɓi abinsa. A wurin zaman makoki, gari ya cika, Korau ya miƙe. Ya faɗi duka: yashin gaba na tara, siraran duwatsu, jerin bahago, hannun da aka ɗaga, har wuƙar bai ɓoye ba. Ya ce rijiyar nan ta Nomau ce, a mai da masa sunansa.

Sai dattijon nan na ran shari'a ya share hawaye ya ce, "Kun ji dattako. Mutum ya ɗauki aikinsa sukutum ya ba mamaci don ya girmama shi. Korau, Allah ya bar mana irinku."

"Ba girmamawa ba ce, gaskiya nake faɗa muku."

"Mun sani, mun sani. Zauna, kada baƙin ciki ya kayar da kai."

Ba wanda ya yarda sai Tabawa. Gaskiyar da ya riƙe ranar da take da amfani, da ya kawo ta a makare sai aka mai da ita yabo aka rataya masa. Daga ranar nan aka ƙara masa daraja a gari, ana nuna shi ana cewa ga mai tawali'u.

Ya yi ƙoƙari, ba zan hana shi wannan ba. Ya sa an zura shi da tsufansa, amma hannunsa buɗe ƙasa ya sani, bai san jinyarta ba. Masu yasa da aka kirawo daga wasu garuruwa laka suke kwashewa su fito, ba mai duban bango. A damina ta uku, da tsakar rana, rijiyar kasuwa ta rufta. Allah ya tsare ba kowa a bakinta. Aka bar ramin, ciyawa ta rufe shi, awaki na kiwo a kai. Kuma ba wanda ya sake kuskuren suna. Rijiyar Korau ake ce wa wurin, ba gardama, har ya mutu.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi, ba zan lulluɓe muku shi ba. Wanda ya yi aiki don a kira sunansa, za a kira, Allah ba ya hana kowa abin da ya wahala a kansa. Sai dai abin da zai samu ke nan, kuma duk ranar da aka yabi wani a gabansa sai ya ji kamar an yanki namansa. Wanda ya yi aiki don guga ya fito da ruwa, shi ba ya jiran kowa ya gaya masa ya yi aiki, kunnensa ya ishe shi, kuma Wanda ke ganin gindin rijiya ya gani.

Ku dubi kanku. Akwai a cikinku wanda ba zai sa hannu a gyaran masallacin nan ba sai in za a rubuta sunansa a bango, kuma in aka rubuta na maƙwabcinsa da manyan baƙaƙe ba zai yi barci ba. Akwai wanda ya kafa makaranta, ya kafa shago, ya kafa gida, yana bugun ƙirji shi ya gina, bai taɓa tambayar wa ke cire ruɓaɓɓen dutsensa yana mayewa ba. Wani ƙaninsa ne. Wani abokin aikinsa ne da bai iya magana a taro ba. Da yawanku kuwa matarku ce, tana can cikin gida yanzu haka tana hura wuta, kun shekara ashirin kuna shan ruwan kuna cewa hannunku ne ke da albarka.

In ka koma gida yau, ka juye ƙwaryarka, ka ɗauki tsakuwar da ta fi girma, ka tambayi kanka jerin wa ke riƙe da ita. In ka gano shi, ka faɗa yana raye, a gaban mutane, tun maganar tana iya rage maka wani abu. A wurin makoki kowa gwanin gaskiya ne, kuma ba ta ƙara wa wanda ke cikin kabari ko ɗigon ruwa.

Allah ya tsare mu da sunan da ya daɗe bayan ruwan ya ƙafe. Ku ce amin, in kun iya faɗarta ba kamar yadda Korau ya faɗe ta ba.